Djibril Diop Mambety: Ɗan Limamin Da Ya Bi Tasa Hanya A Aikin Sinima

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin nan na ƙasar Sinigal mai suna Touki Bouki, da wuya ya manta da babur ɗin da ke cikinsa. Babur ne irin wanda kowa ya sani, sai dai an ɗaura masa ƙoƙon kan sa mai manyan ƙahoni biyu a gaba, wani saurayi makiyayi yana tuƙa shi cikin birnin Dakar, budurwarsa tana zaune a bayansa, su biyun kuwa ba su da wani buri a duniya illa su shiga jirgin ruwa su tafi Faris. An yi wannan fim a cikin shekarar 1973 da kuɗin da ba su wuce kimanin dala 30,000 ba, kuma wanda ya shirya shi yana da shekara 28 da haihuwa, bai taɓa zama a ajin wata makarantar koyon aikin sinima ba. Sunansa Djibril Diop Mambety, watau Jibrilu in da a wajenmu ne.

Wannan bawan Allah ya rasu a cikin shekarar 1998, ya bar dogayen finafinai guda biyu tak, da waɗansu gajeru waɗanda za a iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. In da yawan aiki a ke auna mutum, to da tuni an manta da shi. Amma a cikin shekarar 2022, sa'ad da mujallar nan ta Ingila mai suna Sight and Sound ta tambayi masana sinima na duniya finafinan da suka fi kowanne kyau tun da aka fara wannan sana'a, sai Touki Bouki ya fito cikin ɗari na farko. To, mai karatu zai so ya ji ko wane ne wannan mutum, da abin da ya sa 'yan aikinsa suka daɗe suna kallonsa a kan bauɗaɗɗe, da kuma abin da ya hango game da Afirka wanda har yau bai gushe ba.

YARON DA YA FARA JIN FIM KAFIN YA GANI

An haifi Djibril a cikin watan Janairu na shekarar 1945 a unguwar Colobane, wadda a lokacin ta ke gefen birnin Dakar, wurin zaman talakawa da baƙin da suka zo neman abinci daga ƙauyuka. Mahaifinsa limami ne. Ƙasar Sinigal tana ƙarƙashin mulkin Faransa a zamanin nan, kuma Dakar ce hedkwatar dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransawa ke mulki, saboda haka yaron ya tashi yana ganin gari biyu a cikin gari ɗaya: can ga unguwar Turawa da benaye da tituna masu kwalta, nan kuma ga rumfunan katako da kwano inda a ke layin ɗiban ruwa a famfo.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya fara sanin sinima. Akwai wani gidan sinima marar rufi a unguwarsu, su kuwa yara ba a barinsu fita da dare, ga shi kuma ba su da kuɗin tikiti. Sai su sulale daga gida su je su raɓe a bayan katanga suna sauraron abin da ke fitowa daga ciki, watau harbe-harben finafinan kaboyi da waƙe-waƙen finafinan Indiya. Wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Kaduna ko Jos a zamanin gidajen sinima ya san irin wannan zama na bayan katanga. Abin da ya bambanta Djibril da sauran yara shi ne bai taɓa rabuwa da wannan darasi ba. Ya riga ya koya tun yana ƙarami cewa kunne yana iya ganin labari, shi ya sa a duk finafinansa sauti ba ya zama bawan hoto. Sau da yawa za ka ga abu ɗaya a kan allo alhali kuwa kunnenka yana jin wani abu dabam, kuma a tsakanin biyun nan ne ma'anar ta ke.

Da ya girma sai ya shiga wasan kwaikwayo, har aka ɗauke shi a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa mai suna Daniel Sorano a Dakar. Bai daɗe ba aka sallame shi saboda rashin bin doka. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne, don kuwa wannan kora ita ce ta tura shi ga kyamara.

HANYAR DA YA TARAR

Kafin a gane bauɗewar Djibril, tilas a san hanyar da ya tarar an shimfiɗa. Tun cikin shekarar 1934 Faransawa suka kafa wata doka, wadda a ke kira dokar Laval, da ta hana kowa ɗaukar fim a ƙasashen da su ke mulki a Afirka sai da izinin hukuma, izinin da baƙar fata ba ya samu. Shi ya sa a cikin 1955, sa'ad da Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka so yin fim, sai a birnin Faris suka yi shi. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ne ƙofa ta buɗe, kuma wanda ya fara shiga da ƙarfi shi ne Ousmane Sembene, ɗan Sinigal, tsohon lebura a tashar jiragen ruwa ta Marseille kuma marubuci, wanda ya koyo aikin fim a Mosko. Shi ya yi Borom Sarret a 1963, da La Noire de a 1966, da Mandabi a 1968.

Sembene da waɗanda suka bi sawunsa sun ɗauki sinima a kan makarantar dare ta jama'ar da ba su yi karatun boko ba. A ganinsu aikin mai shirya fim shi ne ya ɗauko matsala, ko ta cin hanci ce ko ta zaluncin ma'aikata ko ta auren dole, ya jera labarinta daga farko zuwa ƙarshe a fili yadda manomi da ɗan dako za su fahimta, su fita daga gidan sinima da darasi a hannu. Wannan ra'ayi yana da hujja mai ƙarfi, kuma ya haifar da finafinai masu daraja. Amma Djibril bai ga dalilin da zai sa a ce hanya ɗaya ce kawai aka yarje wa ɗan Afirka ba. A ganinsa, tun da ya ke sinima sabuwar aba ce a nahiyar, to 'yan Afirka suna da damar su ƙaga mata sabon harshe, maimakon su ari na Turai ko na Amurka su cusa labarinsu a ciki.

Fim ɗinsa na farko, Contras' City, gajere ne, ya fito a ƙarshen shekarun 1960. Ba shi da wani labari irin wanda aka saba. Yawo ne a kan keken doki cikin Dakar, a na jin muryar wani ɗan ƙasa da ta wata Bafaranshiya suna taɗi suna ba'a, kyamara kuwa tana nuna gine-ginen Turawa masu ado a gefe guda da kasuwannin talakawa a ɗaya gefen. Na biyu, Badou Boy, ya fito a 1970, labarin wani ɗan iskan yaro ne mai aikin kwandasta a motar haya, wani ƙaton ɗan sanda yana binsa yana faɗuwa yana tashi, irin wasan ban dariya na Charlie Chaplin. Wannan fim ya ci lambar azurfa a bikin finafinai na Kartaj a ƙasar Tunisiya a wannan shekara, daga nan aka fara jin sunan yaron Colobane a waje.

TAFIYAR KURA

Ma'anar Touki Bouki a harshen Wolof ita ce Tafiyar Kura. Kura a tatsuniyoyin Wolof ɗaya ta ke da kura a tatsuniyoyinmu: ga kwaɗayi, ga tsoro, ga wauta, kullum tana ƙulla dabarar da za ta koma kanta. Labarin kansa gajere ne. Mory makiyayi ne da ya kawo shanu birni ya zauna, ba aiki sai bashi. Anta ɗalibar jami'a ce mai gajeren gashi da shigar maza, wadda unguwa ba ta san inda za ta ajiye ta ba. 'Yan unguwa suna zagin Mory a kan ɗan banza, ɗaliban jami'a masu kirarin juyin juya hali kuma suna kama shi su ɗaure su wulakanta shi. Da ya ke ba su da wurin zama a tsohuwar duniya ko a sabuwa, sai su biyun suka ƙudura tafiya Faransa ko ta halin ƙaƙa.

Suka gwada caca, ba ta yi ba. Suka je filin kokawa suka sace akwatin da su ke zaton kuɗin ƙofa ne a ciki, da aka buɗe sai ga ƙoƙon kan mutum. Daga bisani Mory ya je gidan wani attajiri mai suna Charlie, ya bari sai da ya shiga wanka ya kwashe masa tufafi da kuɗi. Nan take suka rikiɗe suka zama manyan mutane a cikin mota, kuma matar nan da ta ke zagin Mory ɗazu ita ce yanzu ta ke rawa tana yi masa kirari, don ta ga alamar kuɗi. Mai kallo ba zai iya rantsewa ko wannan ya faru ne ko mafarkin Mory ne ba, kuma da gangan Djibril ya bar shi haka. A duk tsawon tafiyar nan wata waƙar Josephine Baker mai yabon Faris tana ta maimaita kanta kamar faifan garmaho da ya maƙale, har ta koma abin dariya, har ta koma abin tausayi.

Yadda aka haɗa hotunan shi ne ya girgiza mutane. Fim ɗin ya buɗe da wani yaro a kan sa yana jan garke a daji, a na busa sarewa, sai kawai a tsinci kai a cikin mayankar Dakar, a na kayar da shanun nan a na yankawa, jini yana malala. Wannan hoto na mayanka yana ta komowa. In Anta tana gudu zuwa bakin teku, sai a yanke a nuna a na yanka dabba, a sāke komowa kanta, a sāke maimaita gudun daga farko, yadda mai kallo zai zaci mutuwa za ta tarar, ashe masoyinta za ta tarar. Lokaci yana gaba yana baya kamar yadda tunanin mutum ke yi in ya kwanta dare bai yi barci ba.

A ƙarshe suka isa tashar jiragen ruwa, ga jirgin nan mai suna Ancerville yana shirin tashi, a samansa waɗansu Turawa suna taɗi suna raina 'yan ƙasar da suka ci arziki a cikinta. Anta ta hau. Mory ya sa ƙafa zai hau, sai hoton san da a ke ja zuwa mayanka ya faɗo masa, ya juya da gudu ya koma cikin gari neman babur ɗinsa. Ya tarar an yi haɗari da shi, ƙahonin sun karye. Ya zauna a bakin hanya riƙe da guntun ƙoƙon kan, jirgi kuwa ya tashi da Anta ita kaɗai. Djibril bai ce wanda ya tafi ya yi daidai ba, bai kuma ce wanda ya zauna ya tsira ba. Ya bar tambayar a hannun mai kallo, kuma duk wanda ya san yawan samarin Afirka ta Yamma da suka bi ta Agadas zuwa Libiya, ko suka shiga kwalekwale daga gaɓar Sinigal zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, ya san cewa tambayar tana nan da ranta bayan shekara hamsin.

An nuna fim ɗin a bikin Cannes na ƙasar Faransa a 1973, ya kuma sami lambar yabo a bikin Mosko a wannan shekara. A gida kuwa bai sami irin wannan karɓa ba. Masu zuwa sinima sun saba da labari mai kai da gindi, masu ra'ayin fim na koyarwa kuma suna ganin ya yi wasa da abin da bai kamata a yi wasa da shi ba, waɗansu ma suka ce kwaikwayon sababbin finafinan Faransa ya ke yi. Waɗanda suka kare shi sun amsa da cewa maimaita zance, da tsalle daga nan zuwa can, da cakuɗa dariya da tsoro, duk halin mai tatsuniya ne a dandali, ba sai an je Faris an koyo su ba.

SHIRU NA SHEKARA GOMA SHA TARA

Abin da a ke tsammani ga saurayin da ya yi suna haka shi ne ya bi da wani fim ɗin nan da nan, tun ƙarfe yana da zafi. Djibril bai yi haka ba. Daga 1973 har zuwa 1992 bai fitar da wani dogon fim ba. Abin da ya fito daga hannunsa a tsakanin nan shi ne wani gajeren fim na 1989 mai suna Parlons Grand-mere, wanda ya ɗauka a Burkina Faso a wurin da abokinsa Idrissa Ouedraogo ke ɗaukar nasa fim mai suna Yaaba. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan zamani a ƙasashen nan babu masana'antar fim mai tsayawa da ƙafarta. A lokacin gidajen sinima cike su ke da finafinan Amurka da Indiya da Faransa da a ke kawowa da araha, wanke fim da haɗa shi kuwa sai an kai Turai, kuɗin yin sa kuma sai an bi ofisoshin ba da taimako a na roƙo. Mutumin da aka kora daga gidan wasan kwaikwayo don ba ya jin magana ba shi ne zai iya wannan bin layi cikin sauƙi ba.

KURAYE

Da ya komo, sai ya komo da Hyenes, watau Kuraye, wanda ya shiga gasar bikin Cannes a 1992. Tushen labarin wani wasan kwaikwayo ne na shekarar 1956 na marubucin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Durrenmatt, game da ziyarar wata tsohuwa. Djibril ya ɗauke shi daga Turai ya dasa shi a wani gari da ya ba sunan unguwarsu, Colobane, ya mai da shi harshen Wolof, har ya zama kamar can aka haife shi.

Garin ya talauce, har an zo an kwashe kujerun ofishin magajin gari saboda bashi. Sai labari ya zo cewa Linguere Ramatou, wata 'yar garin da ta bar shi shekara talatin da suka wuce, tana tafe, kuma ta fi Bankin Duniya kuɗi. Dattawa suka wakilta Dramaan Drameh, mai kanti, wanda kowa ke so kuma a ke shirin naɗa shi magajin gari, ya tarbe ta, don an san sun yi soyayya a ƙuruciya. Ta sauka daga jirgin ƙasa da ƙafar zinariya da hannun zinariya, don ta taɓa yin haɗarin jirgin sama. A wurin liyafa ta ce za ta ba garin kuɗi miliyan dubu ɗari, amma da sharaɗi ɗaya: a kashe Dramaan. Ashe shi ya yi mata ciki tana yarinya, da aka je gaban alƙali ya sayi shaidun zur biyu suka rantse cewa su ma sun san ta, aka kore ta daga gari, ta shiga duniya tana karuwanci, shi kuwa ya auri mai kuɗi.

Magajin gari ya miƙe ya ƙi tayin da babbar murya, jama'a suka tafa. Ita kuwa ta ce za ta jira. Daga nan ne fim ɗin ya nuna gwanintarsa, don babu wanda ya ɗauki wuƙa. Abin da ya faru shi ne mutane suka fara zuwa kantin Dramaan suna karɓar kaya masu tsada bashi. Sai ga sababbin takalma a ƙafar kowa, sai ga fanka da firiji da na'urar sanyaya ɗaki a gidajen da jiya ba su da abin cefane. Dramaan ya duba ya gane cewa da jininsa za a biya bashin nan. Ya je wurin ɗan sanda, ya je wurin magajin gari, ya tarar kowannensu ya sami sabon abu. Ya yi niyyar gudu ta jirgin ƙasa, jama'a suka kewaye shi da sunan rakiya har jirgin ya wuce. Daga baya aka gane cewa Ramatou ta riga ta saye filaye da masana'antun garin a ɓoye ta rufe su, watau talaucin da ta zo magancewa ita ta ƙulla shi.

A ƙarshe mazan garin suka taru a bayan gari suna cewa ba don kuɗi ba ne, don adalci ne, suka rufe Dramaan a tsakiyarsu, da suka watse babu abin da ya rage sai rigarsa a ƙasa. Sai ga katafila tana rushe wurin, ga dogayen benaye suna tasowa daga nesa. Shi Djibril ya fito a fim ɗin a matsayin tsohon alƙalin da ya yanke hukuncin zur ɗin, wanda yanzu ya zama baran Ramatou. Ƙanensa Wasis Diop ne ya yi kiɗan, Oumou Sy kuma ta ɗinka tufafin.

An yi wannan fim a zamanin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ke ba ƙasashen Afirka bashi bisa sharuɗɗa masu tsanani, irin abin da mu a Nijeriya muka ɗanɗana daga 1986 da sunan gyaran tattalin arziki. Djibril bai ɓoye cewa da su ya ke ba. Amma bai tsaya ga zargin baƙo ba, don kurayen da ke cikin fim ɗin 'yan gari ne, masu salla da zumunci, waɗanda suka sayar da ɗan'uwansu a hankali, kowa yana cewa shi bai yi kome ba. Kuma bai wanke Dramaan ba, tun da ya ke laifin da a ke tuhumarsa da shi ya aikata. Wannan rashin ba mai kallo wurin ɓuya shi ya sa fim ɗin ya ke da nauyi.

TARIHIN ƘANANAN MUTANE

Bayan Kuraye sai ya juya ga waɗanda ya ke kira ƙananan mutane, ya ce zai yi gajerun finafinai uku a kansu. Ya sha faɗin cewa mutanen da ke gefen al'umma sun fi masu bin layi amfani wajen ciyar da ita gaba. Na farko shi ne Le Franc, na shekarar 1994. A cikin watan Janairu na wannan shekara ne aka taru a Dakar aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ya taɓa aljihun kowane talaka daga Sinigal har Nijar da Chadi da Kamaru. Jarumin fim ɗin, Marigo, makaɗi ne wanda uwar ɗakinsa ta ƙwace masa abin kiɗa saboda bashin haya. Ya sayi tikitin caca, don gudun ɓata ya manne shi da gam a jikin ƙofarsa, sai tikitin ya ci. Da ya kasa ɓamɓare shi, sai ya cire ƙofar ɗungum ya ɗora a ka, ya ratsa Dakar da ita, ta kan juji da kan motar haya, har ya kai ta bakin teku don ruwa ya jiƙa gam ɗin. Mai kallo yana dariya, amma yana ganin mutumin da arzikinsa ke hannunsa ya kasa taɓa shi.

Na biyu shi ne La Petite Vendeuse de Soleil, watau yarinya mai sayar da Rana, don Le Soleil, sunan jaridar gwamnatin Sinigal, ma'anarsa rana. Sili yarinya ce gurguwa mai tafiya da sanduna, kakarta makauniya ce mai bara. Wata rana yara maza masu tallar jarida suka bangaje ta ta faɗi, sai ta tashi ta ce abin da namiji ya yi mace ma za ta yi, ta je ta karɓi jaridu. Ran farko wani mutum ya saye su duka ya ba ta takardar sefa 10,000. Ɗan sanda ya gan ta da kuɗin ya zarge ta da sata, ita kuwa ta bi shi har ofis ta kare kanta a gaban babbansu, ta kuma sa aka saki wata mata da aka tsare ba shaida. Da kuɗin ta saya wa kakarta laima, ta raba saura ga mabarata. Yaran nan ba su ƙyale ta ba, har suka ƙwace mata sanda ɗaya, sai abokinta ya goya ta a baya suka ci gaba da tafiya. Djibril ya sadaukar da wannan fim ga ƙarfin halin yaran titi.

Bai ga fitowarsa ba. Ciwon daji na huhu ya kama shi, ya rasu a wani asibiti a birnin Faris ran 23 ga watan Yuli na shekarar 1998, yana da shekara 53, a na cikin aikin haɗa fim ɗin. Abokan aikinsa suka ƙarasa shi ya fito a 1999. Na ukun ba a yi shi ba, haka kuma wani dogon fim mai suna Malaika da ya yi niyyar ya cika Touki Bouki da Kuraye da shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

A cikin shekarar 2008 wata gidauniya da mashahurin mai shirya finafinan nan na Amurka, Martin Scorsese, ya kafa don ceton tsofaffin finafinan duniya ta gyara Touki Bouki, aka sāke nuna shi a Cannes, daga nan ya shiga hannun sabon zamani. A 2018 mawaƙan nan na Amurka, Beyonce da Jay-Z, suka yi hoton tallar rangadinsu a kan babur mai ƙahoni, abin da ya jawo magana a kan ko masu ɗaukar hoton Afirka suna tunawa da mai shi.

Gadon ya kuma zauna a cikin gida. Mati Diop, 'yar ƙanensa Wasis, ta yi wani fim a 2013 mai suna Mille Soleils, inda ta nemo Magaye Niang, wanda ya fito a matsayin Mory, ta tarar da shi yana nan Dakar bayan shekara arba'in, ita kuwa wadda ta fito a matsayin Anta ta daɗe da barin ƙasar, kamar dai fim ɗin ya zama gaskiya a kansu. A 2019 fim ɗinta Atlantique, game da samarin Dakar da suka shiga teku da 'yan matan da suka bari a baya, ya ci babbar lamba ta biyu a Cannes, kuma ita ce baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga wannan gasa. A 2024 ta ci lambar zinariya ta bikin Berlin da fim ɗinta Dahomey.

Ga samarinmu masu sha'awar wannan sana'a, waɗanda yau kowannensu ke da kyamara a aljihu, tarihin Djibril yana da abin dubawa. Ba shi da takardar shaida, ba shi da jari, an kore shi daga wurin aikinsa na farko, kuma mutanen garinsu ba su gane fim ɗinsa ba sai daga baya. Abin da ya ke da shi shi ne unguwar da ya sani ciki da waje, da kunnen da ya horu a bayan katangar sinima, da taurin kan da ya hana shi faɗin abu yadda wani ya riga ya faɗa. Colobane tana nan a Dakar, kasuwarta cike da 'yan gwanjo da masu gyaran waya, kuma har yanzu akwai samari a cikinta da ke kallon teku suna lissafin kuɗin tafiya. Allah Ya jiƙan Jibrilu ɗan liman.